Inda Bature Ke Ɓoye Ra'ayinsa: Zaman Bayanau Kusa da Aikatau Mataimaki

Ranar 20 ga Janairun 2009, a gaban ɗimbin jama'a a birnin Washington, Babban Alƙalin Amurka John Roberts ya tsaya rantsar da Barack Obama. Kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda aka rubuta a 1787, ya tanadi kalmomin rantsuwar ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu akwai "I will faithfully execute the Office of President of the United States", wato alkawarin gudanar da shugabancin ƙasar bisa amana. Da Roberts ya iso wurin, sai ya cire "faithfully" daga bayan "will" ya kai ta can ƙarshe. Obama ya ɗan dakata, aka yi 'yar sarƙewa, daga baya ya bi alƙalin a yadda ya fara faɗa. Washegari aka sake rantsuwar a Fadar White House, don kada wani ya sami abin kamawa.

A wannan karon ma'ana ba ta gurɓata ba, damuwar ta lauyoyi ce kawai. Amma gurbin nan da kalmar ta bari, tsakanin "will" (aikatau mataimaki) da "execute" (ainihin aikatau, wato kalmar aiki), inda bayanau ke zama, wato kalma irin "faithfully" mai ƙara bayani a kan aiki, shi ne wurin da ya fi kowane cunkoso a jimlar Turanci ta yau da kullum. Nan ne mai magana ke saka abin da zai nuna maka ko ya tabbata, ko yana tantama, ko yana so ya ƙi ne amma kunya ta hana shi fitowa fili. Wanda ya haddace nahawu amma bai saba da abin da ke faruwa a wannan gurbi ba, zai ji kowace kalma ta jimla, ya kuma rasa abin da aka faɗa masa.

Mataimakan da ake magana a kansu tara ne: can, could, may, might, must, shall, should, will da would. Malaman Turanci na kiran su "modal verbs", suna kuma raɓa musu "ought to", da "need" da "dare" a wasu wurare. Ba sa tsayawa su kaɗai su ba da labarin wani aiki. Aikinsu shi ne su hau kan wani aikatau su nuna iko, ko izini, ko wajibci, ko yiwuwa. Halinsu daban ne da na sauran: ba a ƙara musu "s" a mutum na uku, don haka "she goes" amma "she can", ba sa neman "to" a gabansu ko a bayansu, suna ɗaukar "not" kai tsaye ba tare da sun nemi "do" ba. Dalilin rashin "s" ɗin yana cikin tarihi. Yawancinsu a tsohon Turanci siffar lokacin da ya wuce ce da ta rikiɗe ta zama ta yanzu, kuma siffar abin da ya wuce ba ta ɗaukar wannan ƙari. Kakan "can" yana nufin sani, kakan "shall" yana nufin bashi a wuyan mutum, "must" kuma ita kanta tsohuwar siffar wucewa ce ta wani aikatau da ya mutu ya bar ta.

Abin da ya sa suke buƙatar bayanau kusa da su shi ne kusan kowannensu fuska biyu gare shi. Ɗauki "must". Idan aka ce "You must leave", umarni ne, dole ka tafi. Idan aka ce "You must be tired", babu umarni ko kaɗan, mai magana ya duba alamu ne ya yanke cewa lalle ka gaji. Haka "may": "He may leave" tana iya nufin an ba shi izinin tafiya, tana kuma iya nufin mai yiwuwa ne ya tafi. A rubuce, ba tare da ganin fuska ko jin murya ba, babu yadda za ka rarrabe. Amma saka "well" ka gani: "He may well leave" ta rufe ƙofar izini gaba ɗaya, saura hasashe, kuma hasashe mai ƙarfi. Saka "now" a maimakonta, "You may now leave", sai ka ji muryar mai iko yana sallamar mutane. Mataimaki kamar doki ne mai ƙarfi da zai iya bin kowace hanya, bayanau ne linzaminsa.

Ƙa'idar gurbi a jimlar da babu korewa mai sauƙi ce. Bayanau yana zama bayan mataimaki na farko: "She will probably come", "They could easily win", "We should never have gone". Ko mataimakan sun jeru uku, mazauninsa na asali bayan na farkon ne, kamar a "He would certainly have been told". Akwai tsohon camfi tsakanin wasu editoci, musamman a Amurka, cewa bai dace a raba mataimaki da aikatau ɗinsa ba, don haka sai su riƙa tura bayanau ƙarshen jimla ko farkonta. Masanin harshe Steven Pinker ya danganta tuntuɓen Roberts da wannan camfi. Ko dai hakan ne ko ba haka ba, camfin ba shi da tushe, tunda kundin tsarin mulkin kansa ya raba su tun ƙarni na 18.

Bayanau yana tsallakowa gaban mataimaki a wurare biyu. Na farko, idan an sauke nauyin murya a kan mataimakin don jaddadawa: "You really must see it", "I certainly would object". Na biyu, idan an yanke jimlar an bar mataimakin a ƙarshe. A tambaye ka "Will he come?", amsar ita ce "He probably will". A tambaye ka ko za ka yafe, ka ce "I never will". Kunnen Bature ba ya karɓar "I will never" a tsaye haka babu abin da ya biyo baya. Amurkawa kuma sukan sa bayanau gaba ko da babu jaddadawa, ka ji "He probably will come tomorrow" a bakin wanda bai ɗaga murya a ko'ina ba. Wannan bambancin salo ne, ba ya taɓa ma'ana.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin korewa.

Da zarar "not" ta shigo, tambaya ɗaya ce ke yanke hukunci: wa ke gaban wa? Abin da ya zo bayan korewa, korewar ta hau kansa. Abin da ya zo kafin ta, ya tsira, shi ne ma yake hawa kanta. Duba waɗannan biyun. "I really can't help you" da "I can't really help you". Kalmomi biyar ne iri ɗaya a kowace. A ta farko "really" tana gaba, tana ƙarfafa rashin iyawar: wallahi ba zan iya ba, kada ma ka sake tambaya. A ta biyu "can't" ce ta danne "really", sai ma'anar ta zama ba wani taimakon kirki zan iya yi maka ba, ko da yake ba za a rasa ɗan abin da ba a rasa ba. Ta farko ƙofa ce a rufe, ta biyu a sakaye take. Wanda ya nemi alfarma a wurin aiki aka ba shi amsa ta biyu, yana da damar ya ƙara tambaya. Wanda aka ba ta farko, in ya nace, shi ya jawo wa kansa.

Haka abin yake da "definitely". "I definitely won't be there" tabbaci ne cewa ba za ka gan ni ba. "I won't definitely be there" kuwa, tabbacin ne aka kore, ba zuwan ba: ina iya zuwa, amma kada ka dogara da ni. "Possibly" ta fi su ban mamaki, domin juyawar takan kai ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan. "He possibly can't come" tantama ce mai rauni, wataƙila ba zai samu zuwa ba. "He can't possibly come" ita ce korewa mafi ƙarfi da harshen ke da ita a wannan fage, babu ta yadda za a yi ya zo, ko sama da ƙasa za su haɗu. Kalmar da aka san ta da sanyin jiki, da ta faɗa ƙarƙashin "can't", sai ta zama guduma, saboda abin da aka kore shi ne yiwuwar kanta, har ƙwayar ƙarshe.

"Probably" kuwa ba ta yarda a kore ta. Shi ya sa ake cewa "She probably won't agree", ko kuma a ware kalmomin a ce "She will probably not agree", amma "She won't probably agree" ba ta zama a kunne. Wannan na cikin kura-kuran da suka fi yawa a bakin masu koyo, kuma ba sakaci ke kawo shi ba, biyayya ce ga ƙa'ida. An koya wa mutum cewa bayanau na bin bayan mataimaki, ya ga "won't" mataimaki ce, ya sa "probably" a bayanta. Abin da ba a gaya masa ba shi ne "won't" ta riga ta haɗiye korewa a cikinta. A ɗaya ɓangaren akwai "necessarily", wadda ita a inuwar korewa ta fi jin daɗin zama: "It won't necessarily work", ba lalle ne ya yi aiki ba. Wannan jimla ce da ya kamata duk mai muhawara da Turanci ya riƙe, domin tana rushe hujjar abokin magana ba tare da ta ce masa ya yi ƙarya ba.

Tun da muna kan korewa, akwai wani tarko da ba na bayanau ba ne kai tsaye amma yana tafiya tare da su. Kishiyar "You must go" ba "You must not go" ba ce. Ta biyun hani ne, kada ka kuskura ka je. In ana so a ce ba dole ba ne, sai "You needn't go" ko "You don't have to go". A fuskar hasashe kuma, mutumin Ingila zai ce "He must be at home", in zai kore sai ya sauya mataimakin baki ɗaya ya ce "He can't be at home", yayin da Ba'amurke zai iya cewa "He must not be at home" yana nufin alamu sun nuna ba ya gida.

Sai 'yan ukun nan, "hardly", "barely" da "scarcely". Babu "not" a jikinsu, amma nahawu yana ɗaukar su a matsayin korewa, kuma "can" da "could" ne abokan tafiyarsu. "I can hardly hear you" na nufin da ƙyar nake jin ka. Shaidar cewa korewa ce ita ce abin da ke biyo bayansu: ana cewa "I could hardly see anything", ba "something" ba, kuma 'yar tambayar da ake liƙawa a ƙarshe takan zo babu korewa, "You can hardly blame her, can you?" Don haka "can't hardly" korewa biyu ce a jere. Ana jin ta a wasu karuruwan Turanci, masu ita kuma sun san abin da suke nufi, amma ba ta shiga rubutun makaranta ko na ofis. A lura kuma "hardly" ba 'yar'uwar "hard" ba ce a ma'ana. Wanda aka ce "He will work hard" an yabe shi, wanda aka ce "He will hardly work" an kashe shi da ransa.

Idan irin waɗannan bayanau masu ɗauke da korewa suka fito farkon jimla, mataimakin yakan tsallake mai aikin ya dawo gabansa, kamar ana tambaya: "Never again will we allow this", "Only then can we begin". Salon mumbari ne da jawabin 'yan siyasa. A hira ta yau da kullum sai ka ji kamar mutum ya sa babbar riga zai shiga wanka.

Yanzu ga batun wa ke jituwa da wa. Masanin ma'ana John Lyons ya yi bayani a 1977 kan haɗin da ya kira mai jituwa, wato inda mataimaki da bayanau suke kan mataki ɗaya na tabbaci. "May possibly" rauni ne kan rauni. "Will definitely" da "must certainly" ƙarfi ne kan ƙarfi. A irin wannan haɗi kalmomin biyu ba sa ninka juna, abu ɗaya suke faɗa da baki biyu. Idan kuwa aka haɗa mai rauni da mai ƙarfi, ba sa narkewa, ɗaya yakan koma gefe ya yi sharhi a kan ɗayan. Ka ji an ce "That may certainly be true", ka jira "but", tana nan tafe. Mai maganar ya amince ne cewa yiwuwar tana nan, don ya sami wurin taka ƙafa ya musanta. Wasu haɗe-haɗen kuma ba sa yiwuwa sam: "must possibly" tana rushe kanta da kanta.

"Surely" ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana yaudarar mutane. Ganin "sure" a jikinta sai a zaci daidai take da "certainly". Ba haka ba ne, musamman a Ingila. Wanda ya ce "He must certainly know" ya gama yanke hukunci. Wanda ya ce "He must surely know" yana neman ka tabbatar masa ne, kamar mai cewa ai dai ya sani ko? Akwai ɗan tsoro a ciki cewa wataƙila bai sani ba. "Surely you can't mean that" kuma mamaki ne da roƙo a haɗe: haba, ba dai da gaske kake ba. A Amurka akwai wata 'yar gajeriya, "sure", da ake sawa gaban mataimaki a hira, "I sure will", "You sure can", ita kuma amincewa ce da fara'a, babu tantama a cikinta.

A nan ne ma ya dace a faɗi wani abu da ke ba masu koyo mamaki: "He must be at home", duk da ƙarfin "must", ba ta kai "He is at home" ƙarfi ba. Wanda ya gan shi da idonsa ba ya buƙatar mataimaki. Da ka ji "must" ta hasashe, ka san mai magana lissafi ya yi, bai gani ba. Tara bayanau a kanta, "must surely", "must obviously", ba ya mayar da lissafi ya zama gani.

A ganina kalmar da ta fi kowace wahalar kamawa a wannan fage ita ce "well", don ba ta da alaƙa da kyau ko lafiya a nan. Bayan "may", "might" ko "could", tana ɗaga yiwuwa ne daga tsaka-tsaki zuwa abin da ya fi kusa da faruwa. "It could rain" magana ce da kowa zai iya faɗa kowace rana. "It could well rain" gargaɗi ne, ka ɗauki laima. Amma saka 'yar ƙaramar "as" a tsakani, komai ya rushe: "We might as well go" ba hasashe ba ce, sallamawa ce. Tunda babu abin da ya fi, bari mu tafi kawai. Ka ce wa wanda ya gayyace ka "I might as well come", ka gaya masa ke nan cewa rashin abin yi ne zai kawo ka. Sai kuma "can't very well", wadda ba ta maganar iyawa, tana maganar dacewa. "I can't very well refuse" na nufin ikon ƙi yana hannuna, amma ina zan kai kunyar? Uku ke nan daga kalma ɗaya, kuma babu wata ƙa'idar da za ta fitar maka da su. Haddace su ake yi a dunƙule, kamar yadda ake haddace "would rather" ta fifiko da "had better" ta gargaɗi.

"Just" da "always" su ma suna sauya fata idan suka zauna bayan mataimaki. "It might just work" fata ce siririya, da ƙyar amma ba mamaki a dace. "Could you just sign here?" tana ƙanƙantar da abin da ake nema don kada ya yi nauyi, ko da yake in murya ta yi kauri takan koma ƙosawa. "You can always call me" kuma ba ta nufin ka riƙa kira dare da rana. Ma'anarta, in komai ya ƙi, wannan hanyar tana nan a buɗe.

Wannan ya kai mu fagen ladabi, inda mutanen Ingila suka yi suna. Roƙo yakan hau matakala: "Can you help?", sai "Could you help?", sai "Could you possibly help?" Kowane mataki yana ƙara ba wanda ake roƙo hanyar zillewa, kuma ba shi hanyar zillewar shi ne girmamawar. Shawara ma haka: "You should really see a doctor" tana da taushi, "You really should see a doctor" da nauyi a kan "really" ta fi matsawa. Akwai kuma "kindly", wadda ke raba kan masu Turanci a duniya. A Indiya da Afirka ta Yamma kalmar ladabi ce ta yau da kullum a wasiƙun aiki, babu komai a bayanta. A Ingila da Amurka kuwa, "Would you kindly leave" ko "You will kindly reply" sukan zo da sanyi da ɗaure fuska, irin maganar wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Ba na ganin ɗaya ya fi ɗaya daidai. Amma mai aika imel zuwa wata ƙasa ya kamata ya san da wane kunne za a saurare shi, in yana shakka kuma "please" ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba.

Wani bambancin tsakanin Ingila da Amurka shi ne "likely". Jaridun Amurka cike suke da "will likely", kamar "Prices will likely rise". Tsohon salon Ingila ba ya barin ta ita kaɗai a wannan gurbi, sai an jingina mata wani abu, "will very likely" ko "will most likely", ko a juya a ce "are likely to rise". Salon Amurkan yana ta kutsawa ko'ina, har ya daina zama abin ɗaga gira a wurare da yawa.

To, nawa ne nauyin waɗannan kalmomi in an ɗora su a ma'auni? Tambayar ta taɓa hana manyan mutane barci. A 1951 wani rahoton leƙen asirin Amurka ya ce akwai "serious possibility" na a kai wa Yugoslabiya hari a shekarar. Sherman Kent, ɗaya daga cikin waɗanda suka fitar da rahoton, ya bi abokan aikinsa yana tambayar kowa abin da yake nufi da lafazin, sai ya tarar amsoshin sun tashi daga kashi 20 cikin 100 har zuwa kashi 80. Dukkansu sun sa hannu a jimla ɗaya, kowa da abin da ke ransa. A wata maƙala ta 1964 ya ba da shawarar a ɗaure kalmomin da lambobi, misali "probable" ta tsaya wajen kashi 75. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, yana bin irin wannan hanya a rahotanninsa: "likely" na nufin kashi 66 zuwa sama, "very likely" kashi 90 zuwa sama, "virtually certain" kashi 99. Injiniyoyin intanet kuma mataimakan suka kama. Wata takarda ta 1997 mai lamba RFC 2119 ta ƙayyade cewa in an rubuta MUST a ƙa'idar fasaha, wajibi ne babu makawa; SHOULD, ana iya kauce mata in akwai ƙwaƙƙwaran dalili da aka auna; MAY kuwa zaɓi ne. Sai da aka zauna aka rubuta wannan saboda a bakin jama'a kalmomin ba su da iyaka tsayayya, kuma bayanau ne ke toshe giɓin gwargwadon hali.

A rubutun ilimi matsalar takan juya ta zama yawan kaffa-kaffa. Ɗalibi ya ji an ce kada ya cika baki, sai ya rubuta "This may possibly perhaps suggest", ya tara garkuwa uku ko huɗu a jimla ɗaya. Mai karatu ba ya ganin tawali'u a nan, yana ganin wanda bai yarda da bincikensa ba. Garkuwa ɗaya ta isa: "may suggest", ko "probably shows". In hujjar ta yi ƙarfi, "may well" tana nan.

Su kansu mataimakan ba a tsaye suke wuri ɗaya ba. Akwai rumbunan rubutu huɗu da masana ke gwada canjin harshe da su, kowanne na ɗauke da kalmomi kusan miliyan 1: Brown na Amurka da LOB na Birtaniya, dukkansu daga rubuce-rubucen 1961, sai takwarorinsu da aka tattara daga 1991 da 1992. Da Geoffrey Leech na Jami'ar Lancaster da abokan aikinsa suka kwatanta su, sun ga "shall", "must" da "may" sun ja baya sosai a cikin shekaru 30 ɗin, yayin da "will", "would", "can" da "could" suka riƙe matsayinsu, "need to" kuma ta yi tsalle. Mutane sun rage son muryar umarni da ke cikin "must", sun koma ga "have to" da "need to", waɗanda ke nuna kamar yanayi ne ya tilasta, ba mai magana ba.

Wannan sauyi yana da tasiri kai tsaye a kan gurbin bayanau, domin "have to" da "need to" ba mataimaka na asali ba ne, halin cikakken aikatau gare su. Suna ɗaukar "s", suna neman "do" wajen tambaya da korewa, bayanau kuma gabansu yake zama: "I really have to go", "We probably need to talk". Ka ce "I have really to go", za a gane ka, amma za a ji baƙon abu. Suna kuma iya bin bayan mataimaki na gaske, abin da "must" ba za ta iya ba, sai bayanau ya koma mazauninsa na tsakiya: "You will probably have to wait". Daidaitaccen Turanci ba ya jera mataimaka na asali biyu, shi ya sa ake cewa "might be able to" a maimakon haɗa "might" da "can". Amma a kudancin Amurka, da Sikotilan da arewacin Ingila, ana jin "I might could do it" a bakin 'yan ƙasa, inda "might" ta kusa zama bayanau da kanta, tana aikin da "maybe" ke yi. Ita ma "maybe" ɗin daga nan ta fito: "may" da "be" ne suka daɗe suna tafiya tare har suka manne suka zama kalma ɗaya. Shi ya sa "He may be late" ake rubuta ta a ware, don akwai mataimaki da aikatau a ciki, "Maybe he is late" kuma a haɗe, a farkon jimla, inda ta fi son zama.